Halwa a Bakin Tafki: Shin Gudun Mutane Ibada Ne?

Akwai wata al'ada da mutanen ƙasashen sanyi suka riƙa da muhimmanci, wadda in Bahaushe ya fara jin labarinta sai ya riƙe baki, watau mutum mai gida da iyali da rufin asiri ya tashi da gangan, ya ɗaure guzurinsa ya goya a baya, ya bar mota inda hanyar mota ta ƙare, ya kama 'yar turba yana hawa yana gangara wuni guda cur, har ya isa wani ɗan ɗaki na katako da aka gina a bakin tafki cikin ƙungurmin daji, inda babu lantarki, babu famfo, babu maƙwabci, wayar hannu ma ba ta kamawa, ya kwana biyu ko uku a can, sa'an nan ya komo gida yana murna. A ƙasar Norwe akwai ƙungiyar masu tafiyar ƙasa da aka kafa tun 1868, tana riƙe da irin waɗannan ɗakuna fiye da 500 a kan duwatsu da bakin tafkuna, da yawansu babu mai gadi, makulli iri ɗaya ke buɗe su, a wasu kuma akan tarar da abinci a ajiye, baƙo ya ɗebi abin da zai ci, ya rubuta da hannunsa, ya biya daga baya. A Amurka kuwa har yau ana tunawa da wani marubuci, Henry Thoreau, wanda a 1845 ya gina wa kansa ɗaki a bakin tafkin Walden, ya zauna shekara biyu da wata biyu, ya fitar da littafi a kan zaman nasa a 1854.

Abin da ya sa na kawo wannan labari ba sha'awar al'adar wasu ba ce. Mas'alar da ke ƙarƙashinsa tamu ce tun fil azal, malaman Musulunci sun yi ta kai da komo a kanta da sunan uzula da halwa: shin wanda ya janye jikinsa daga mutane domin ya tsira da zuciyarsa shi ya fi, ko kuwa wanda ya zauna cikinsu yana shan ƙurarsu? Kuma ina ganin babu inda wannan tambaya ta fi nauyi a yau kamar ƙasar Gusau da Tsafe da Bunguɗu, saboda dalilin da zan zo kansa nan gaba.

Da fari dai, kada wani ya ɗauka ba mu san ɗaki a bakin ruwa cikin daji ba. Mun san shi, sai dai mu bukka muke kiransa, kuma neman abinci ke kai mu, ba hutu ba. Duk wanda ya tashi a ƙauyukan da ke bin gulbin Sakkwato tsakanin Gusau da Bunguɗu, ko waɗanda ke gindin duwatsun Tsafe, ya san zaman tunga. Idan damina ta kankama, gona kuwa ta yi nisa da gari, sai magidanci ya sari 'ya'yan itace ya kakkafa, ya tanƙwara kawunansu ya ɗaure da igiyar rama, ya yi jinka da ciyawa, ya kewaye da zana, ya sa asabari a ƙofa. Kayan ɗakin ba su wuce tabarma da buzu da buta da tulu da 'yar tukunya bisa duwatsun murhu uku ba, sai fartanya da gatari a jingine, da carbi rataye a jikin dirka. Hanyar zuwa wurin 'yar siririya ce tsakanin kunyoyin dawa, mutum ɗaya take ci, raɓa na jiƙa wando har gwiwa da sassafe. In akwai tafki kusa, a nan ake alwala, a nan ake ɗiban ruwan sha bayan an kore kainuwa da bayan ƙwarya. Da almuru kwaɗi su ɗauka gaba ɗaya, har mutum ba ya jin tarin kansa; can wajen tsakar dare kuma su yi tsit, sai ka ji kifi ya yi tsalle ya faɗa. Wanda ya tsaya sallar nafila a wannan lokaci, taurari bisa kansa, babu mahalukin da ke ganinsa, ya ɗanɗana wani abu da ba a samunsa a sahun farko na masallacin Juma'a, kuma ba zan yarda wani ya ce mini wannan abu ba na addini ba ne.

Masu karatun Alƙur'ani su ma suna da tasu. Gardi in ya ga hayaniyar gari ta hana shi tilawa, sai ya ɗauki allonsa da buzunsa ya fita kiskadi, ya sami gindin wata itaciya bayan gari ko ya yi 'yar rumfa, ya wuni yana bitar hadda, ba ya komowa sai rana ta yi sanyi. Tsangaya kanta asalinta bukkoki ne a wajen gari. Mutanen ɗariƙa kuma, Ƙadirawa da Tijjanawa, sun san shiga halwa ta kwanaki ƙididdigaggu da izinin shehi, da ƙarancin ci da ƙarancin barci da yawan zikiri.

Masu fifita uzula ba da ka suke magana ba, hujjojinsu masu ƙarfi ne. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kafin a aiko shi an sanya masa son kaɗaita, yakan hau kogon Hira ya yi darare yana bauta, kuma a can wahayi ya fara sauka. Samarin nan na Kogo janyewa suka yi daga mutanensu da abin da suke bauta wa. Annabi Musa, alaihissalamu, ya bar mutanensa a hannun ɗan'uwansa Haruna ya tafi miƙati na dare 40. A cikin Sahihul Buhari akwai hadisin Abu Sa'idul Hudri mai nuna cewa lokaci na nan tafe da mafificiyar dukiyar Musulmi za ta zama 'yan tumaki da zai bi kan duwatsu da wuraren saukar ruwa da su, yana gudun fitina da addininsa. Da fitina ta tashi bayan kisan Sayyidina Usman, manyan sahabbai irin su Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas da Abdullahi ɗan Umar sun kame hannunsu, ba su shiga ba. Har wani malamin hadisi, Abu Sulaimanal Haɗɗabi, ya wallafa littafi sukutum a kan uzula tun a ƙarni na 4 na Hijira.

Imamul Gazali, a babin da ya keɓe wa ladubban uzula cikin Ihya'u, ya ƙirga mata fa'ida 6, kuma wanda ya san zaman majalisa a garuruwanmu ba ya bukatar a yi masa sharhin mafi yawansu. Zauna a dakali bayan la'asar ka saurara: kafin a kira magariba an ci naman mutum nawa? In ka taya, ka yi giba. In ka yi shiru, ka yi tarayya. In ka hana, an ce kana nuna ka fi kowa, wataƙila kuma zuciyarka ta gaskata su. Ga riya, wadda ke shiga sallar mutum da sadakarsa ba tare da ya ji motsinta ba. Ga satar ɗabi'a, domin zuciya takan kwaikwayi abin da ido ya saba gani, har munkari ya daina yi mata nauyi. Ga kwaɗayin abin hannun mutane, wanda ganin motar wane da benen wane ke hura wa wuta. Duk waɗannan, in mutum ya yi tafiyar wuni ɗaya a ƙasa ya isa bakin ruwa inda ba wanda ya san sunansa, sai ya ga sun kwanta, domin abincinsu idon jama'a ne, a can kuwa babu shi. Sa'an nan sai tafakkuri ya samu fili, wanda Alƙur'ani ya yi ta kira gare shi, a dubi sama yadda aka ɗaga ta da duwatsu yadda aka kafa su. Mutumin da ya tsaya a gindin dutsen Kwatarkwashi ya ɗaga kai ya ga mikiya tana shawagi can ƙololuwa, ya san ƙanƙantarsa ba tare da mai wa'azi ya gaya masa ba.

To, amma fa shari'a ba ta bar maganar a nan ba, kuma hadisin da ya fi kusa da ɗakin nan na bakin tafki yana ɗaya ɓangaren ne. Tirmizi ya ruwaito daga Abu Huraira cewa wani sahabi ya bi ta wani kwari tsakanin duwatsu, ya tarar da 'yar maɓuɓɓugar ruwa mai daɗi, wurin ya ba shi sha'awa, har ya yi burin ya rabu da mutane ya zauna nan, amma ya ce ba zai yi ba sai ya nemi izini. Da ya nema, Annabi ya hana shi, ya nuna masa cewa tsayuwarsa cikin aikin ɗaukaka addini tare da jama'a ta fi sallar shekaru masu yawa a kaɗaice. A duba da kyau: niyyar mutumin nan kyakkyawa ce, wurin kuma halal ne, ruwan ma mai daɗi ne, duk da haka aka ce ya komo. Akwai kuma hadisin Ibnu Umar da ya fifita muminin da ke cuɗanya da mutane yana haƙuri da cutarwarsu a kan wanda ba ya cuɗanya. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik, wadda ake karantawa a zaurukanmu, an ƙi mutum ya yi tafiya shi kaɗai ko su biyu, sai sun kai uku suke zama ayari. Abud Darda'i kuma ya ruwaito gargaɗi ga mutum uku da ke ƙauye ko daji ba sa tsai da salla cikin jam'i, aka kwatanta su da tunkiyar da ta ware daga garke. Shi ya sa Gazali, bayan fa'idodin nan 6, ya kawo 7 na cuɗanya, daga ciki har da koyo da koyarwa, da amfanar da mutane, da horon rai ta hanyar jure musu, da tawali'u, da gogewa da al'amura. Wanda ke bukka shi kaɗai ba ya amsa sallama, ba ya gai da mara lafiya, ba ya raka gawa, ba ya sulhunta ma'aurata, kuma ba shi da yadda zai san ko yana da haƙuri, tun da ba wanda ya taka shi.

Idan nassoshi suka yi kama da masu karo, abin da ya fi shi ne a dubi yadda malamai suka aikata, domin aikinsu tafsiri ne. Shi Gazali da kansa, a 1095, yana kan ganiyar ɗaukaka a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, ya binciki niyyarsa ya tarar neman suna ne, har harshensa ya ɗaure ya kasa karantarwa, sai ya bar kome ya tafi Sham, yakan hau hasumiyar masallacin Dimashƙa ya rufe ƙofa ya wuni. Ya yi wajen shekara 10 cikin wannan hali. Amma a 1106 ya koma karantarwa a Naisabur, kuma Ihya'u, babban littafin da duniya ke amfana da shi har gobe daga wannan janyewa ya fito.

Mu kuwa muna da misali na gida, wanda ya fi wannan kusa. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, a shekara ta huɗu bayan hijirar Shehu Usmanu, wajen 1807, da ya ga mutane da yawa cikin jama'a sun karkata ga neman mulki da tara dukiya, zuciyarsa ta ƙi, ya bar runduna ya fuskanci gabas da nufin zuwa Makka da Madina. Da ya isa Kano, mutanenta suka riƙe shi suka roƙi ya koya musu yadda ake tsai da hukunci; sai ya zauna ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, ya karantar da tafsiri, daga bisani ya juyo ya koma wa abin da ya guda. Shi kansa Shehu Usmanu ya yi wajen shekara 5 yana yawon wa'azi a ƙasar Zamfara, cikin mutanen da jahilci ya yi wa katutu, bai nemi kogo ya ɓuya ba; kuma da ya bar Ɗegel a 1804 zuwa Gudu, can daji kusa da tafkin Kwatto, da jama'arsa ya tafi. Almajirinsa Malam Sambo ɗan Ashafa, da ya baro yankin 'Yandoto, tsohon garin malaman nan da ke kusa da Tsafe, ya shiga daji ya sauka, abin da ya fito daga saukar tasa gari ne, shi ne Gusau. Magabatanmu in sun shiga daji, ko dai su komo da ilmi, ko kuwa dajin ya zama gari.

Saboda haka abin da na fahimta, Allah shi ne mafi sani, halwa magani ce, ba abinci ba: ana shan ta gwargwadon cuta, zuwa wani wa'adi, bisa shawarar masani. Wanda bai san farillan alwala ba, in ya shiga daji da sunan bauta, da jahilcinsa zai keɓe, kuma Shaiɗan ba ya wahala da irinsa. Da yawa sun shiga halwa ba da jagora ba sun fito da taɓin hankali ko da'awar abin da ba su kai ba. Wanda ya bar iyali babu hatsi a rumbu ya tafi neman natsuwa, ya bar wajibi ya kama mustahabbi. Mafi wuya kuma ita ce niyya. Imamul Ƙushairi ya yi nuni a Risalarsa cewa mai janyewa ya ƙudurta mutane ne yake kuɓutarwa daga sharrinsa, ba kansa yake kuɓutarwa daga sharrinsu ba, domin na farko ƙasƙantar da kai ne, na biyu kuwa ganin fifiko. Wannan magana ta cancanci a tsaya a kanta. Mutum yana iya tafiyar wuni uku a ƙasa ya guje wa riya, ya tarar ujubu ya riga shi isa bukkar.

Akwai kuma wani abu da ban cika jin ana faɗa ba, alhali a gare ni shi ne ƙashin bayan mas'alar. Babu mai kaɗaita da ba jama'a ce ke ɗauke da shi ba. Annabi yana Hira, amma in guzuri ya ƙare gidan Nana Hadiza yake komowa ya ɗauki wani. Gardin da ke kiskadi, tuwon da zai ci da dare wata baiwar Allah ce ta tuƙa a cikin gari. Mai zaman tunga, maƙeri ya ƙera masa fartanya, kuma turbar da yake bi ƙafafun mutane da yawa suka fitar da ita kafin a haife shi. Thoreau ɗin nan ma a filin abokinsa Emerson ya yi gini, garin Concord kuwa bai kai tafiyar awa guda daga ɗakin ba, yakan shiga a kai a kai. Ɗakunan Norwe da na ambata, ba katako ne ke riƙe da su ba, amana ce: wanda ya kwana ya share, ya bar itacen wuta ga na bayansa, ya biya abin da ya ci ba mai ganinsa. Ashe mutum ba ya iya kwana shi kaɗai a daji da kwanciyar rai sai in dubban mutanen da bai sani ba sun yarda ba za su cuce shi ba. Aminci shi ke haifar da halwa, amincin kuwa a cikin cuɗanya ake gina shi, a kotu da kasuwa da makaranta da fada.

A nan ne maganar ta iso gida, kuma da baƙin ciki nake rubuta wannan sashe. Yau shekara fiye da 10 ke nan dajin Zamfara ya fita hannun mutanen kirki. Tungayen da na siffanta, da yawansu sun zama kufai. Masu su suna cikin Gusau da Tsafe da Bunguɗu suna raɓe a kangaye da gidajen dangi. Inda aka samu aka yi noma, sau da yawa sai an biya 'yan bindiga haraji kafin a shuka, a kuma biya kafin a girbe. Hanyar Gusau zuwa Funtuwa, wadda ta ratsa Kwatarkwashi da Tsafe, matafiyi ba ya kama ta sai da addu'a a baki. A watan Satumba na 2023 har ɗakunan kwanan ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau aka shiga a Sabon Gida aka kwashi 'yan mata aka yi daji da su. A Satumban 2021 kuma hukuma ta katse layukan waya a jihar Zamfara baki ɗaya, ta rufe kasuwannin mako, domin a toshe wa ɓarayi hanya. Abin da wasu ke tafiyar wuni guda su nema don hutu, watau wurin da waya ba ta kamawa, mu an ɗora mana shi muna cikin tsoro, uwa ba ta san halin da ɗanta ke ciki ba. Yankewa daga mutane in ba da zaɓi da aminci ba, ba halwa ba ce, ɗauri ne. Hadisin tumaki da kan duwatsu gaskiya ne, amma mu a wurinmu fitinar ce ta hau duwatsun, dabbobin kuma su aka fara korewa.

Don haka wanda ya tambaye ni yau ko ya halatta ya fita bayan Tsafe ko kudancin Bunguɗu shi kaɗai ya kwana a bakin ruwa don ibada, sai in ce masa a'a, wannan jefa kai cikin halaka ne, kuma Allah ya hana. Ƙofar keɓewa da Ubangiji ba ta rufe ba: ga i'itikafi a goman ƙarshe na Ramadan, wanda hikimar shari'a ta sanya shi a cikin masallaci, tsakiyar jama'a, ga sulusin dare na ƙarshe, lokacin da kowane ɗaki ke zama kogo ga mai so. Amma kada mu yi kamar ba mu yi hasara ba. Yaron da aka haifa a Gusau cikin shekarun nan, mai yiwuwa ya girma bai taɓa kwana a gona ba, bai taɓa ganin taurari ba tare da fargaba ba, an raba shi da wani babi na tafakkuri da kakanninsa suka samu kyauta.

Abin da na fi tsoro kuma shi ne wata uzula ta ƙarya da ta yaɗu cikinmu. Mai hali ya ɗaga katanga ya sa waya mai ƙaya, ko ya kwashe iyalinsa ya koma Kaduna ko Abuja, in an yi maganar ƙauyensu ya ce shi ba ruwansa da fitina. Mai ilmi ya ga ana zalunci, ko daga ɓarayin daji, ko daga masu kai musu bayani da mai da abinci, ko daga masu ɗaukar fansa a kan wanda bai ji ba bai gani ba saboda yarensa kawai, ya kame bakinsa ya ce zamanin shiru ne. Sa'adu da Ibnu Umar sun janye ne daga yaƙin da gaskiya ta rikice musu a cikinsa tsakanin Musulmi masu tawili. Ba su janye daga taimakon wanda aka zalunta ba. Kare rayuka da ciyar da wanda aka raba da gonarsa farilla ce ta kifaya, in kowa ya noƙe, kowa ya yi laifi, kuma carbi ba ya ɗauke ta.

Ina kira ga malamanmu na kowane ɓangare, 'yan ɗariƙa da 'yan Izala, da su karantar da babin uzula tare da sharuɗɗansa, kada a bar mutane suna fakewa da rabin hadisi. Ina kira ga Sarkin Katsinan Gusau da 'Yandoton Tsafe da Sarkin Fulanin Bunguɗu da Sarkin Kwatarkwashi, da hukumomin da Allah ya damƙa wa tsaron ƙasa, da su auna nasararsu da wannan ma'auni: ranar da talaka zai ɗauki buzunsa da butarsa ya bi turba zuwa tungarsa, ya kwana shi kaɗai a bakin tafki, ya komo gida lafiya. Kai kuma mai karatu, in akwai ɗan gudun hijira a unguwarku, ka fara da shi tun yau.